Kwalbar Mai Gwangwani

Shekara ashirin da bakwai mahaifiyata ta yi tana goge ƙasa a ɗakin masu jego na wani asibiti, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa ƙara mata matsayi ba, sai dai an canza mata bokiti sau huɗu. Mu Inna muke ce mata. A asibitin kuwa Mai Gwangwani ake kiran ta, har akwai nas-nas da suka yi shekara goma suna aiki da ita ba su san tana da wani suna ba.

Sunan ya samo asali ne daga bayan tagar ɗakin, inda wani famfo yake ɗiga tun kafin a haife ni. Nan ta jera gwangwanayen madara da aka yar, ta huda gindinsu da ƙusa, ta cika su da ƙasa, ta shuka na'a-na'a. Akwai kuma kabar giwa guda biyu a cikin bokitinta na farko, wanda ya riga ta yin ritaya. Sau uku hukumar asibitin tana ba da umarni a kwashe tarkacen, sau uku kuma suna dawowa, domin ita ake ba umarnin.

Ba sha'awar asibiti ce ta kai ta can ba. Babanmu direban motar kaya ne, ya rasu ina da shekara biyu, ya bar mata ni da Yaya, da wata rediyo marar murfin batir. Wata maƙwabciya ta ce mata ana neman mai shara. Ta je, aka miƙa mata tsintsiya, aka nuna mata ɗaki mai gado goma sha shida, aka ce kada ta yi magana da marasa lafiya. Ta riƙe tsintsiyar da kyau, maganar ce dai ba ta riƙe ba.

Kullum da safe, kafin ta taɓa bokiti, sai ta tsinki ganyen na'a-na'a ta wanke, ta zuba masa tafasasshen ruwa, ta rufe da faranti. In ya huce ta tace da farin ƙyalle, ta ɗura a ƙananan kwalaben maganin tari da ta dafa suka yi fes. Wannan shi ne maganinta na kan nono, don kada ya yi ja ko ya tsage wa mai shayarwa. Bayan yaro ya sha a ɗiga a auduga a shafa, a bari iska ta busar, kafin ya sake sha a goge da ruwa mai tsabta. In fata ta bushe ta ƙara ɗigon man zaitun, in ta riga ta yi ja ta yanko kabar giwa. Ba ta sayarwa. Da wuya ma mutum ya ce ya gode ta amsa, don yawanci kafin a gama godiyar ta kai gado na gaba da mofa, sandarta ta goge ƙasa.

Ƙa'ida ɗaya gare ta, ba ta kuma sassautawa ko ga matar likita. Shafawar farko ita za ta yi da hannunta, kuma sai yaro ya sha a gabanta tukuna. In aka ce ta ajiye kwalbar a yi amfani da ita anjima, sai ta mayar da ita aljihu, ta ce maganin ba ya son a yi masa gaggawa. Sai ta jingine mofa, ta wanke hannu har gwiwa, ta zauna a bakin gado tana jiran yaro ya nemi nono.

Abin da ya fi ba nas-nas haushi shi ne yadda take gane mai ciwo ba tare da ta tambaya ba. Mai haihuwar fari in aka ce mata yaya jiki, lafiya lau za ta ce, ko da hawaye na zuba. Inna ba ta kallon fuska, aikinta bai ba ta damar hakan ba. Mai goge ƙasa ƙafafu take gani. Ta ce duk macen da yaro ya kama nono ta dunƙule yatsun ƙafa, to kwana biyu ya rage mata ta fara kuka. Ta wannan hanyar ta san ɗakin nan gaba ɗaya, har takan gamu da mace a kasuwa ba ta gane ta ba sai ta dubi silifas ɗinta.

Akwai babbar nas da ake ce wa Agogo, saboda ko gaisuwa kake yi mata tana duba tsintsiyar hannunta. Ta yi shekaru tana yaƙi da Inna, ta ce asibiti ba gona ba ne. Da ta gaji, kuma ta lura matan layin da Inna ke gogewa ba su cika dawowa da kuka ba, sai ta bi ta wata hanya. Inna ta tafi hutun wata guda, Agogo ta sa aka tsinki ganyen, aka dafa, aka zuba a fulas, aka manna masa takarda, aka raba wa kowane gado safe da yamma a kan lokaci. Wasu suka ce yana sanyaya musu. Tsagewa dai ba ta fasa ba. Da Inna ta dawo, Agogo ta tare ta a baranda ta ce lallai akwai abin da take ƙarawa a ɓoye. Inna ta ce ruwa ne da ganye. Agogo ta duba agogo ta wuce, kuma har ta bar aiki ba ta yarda ba.

Ni ce auta, ni ce kuma wadda ta yi karatu, da kuɗin mofar nan. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko labarin: kunyar aikinta nake ji. A makaranta in aka tambaye ni, sai in ce mahaifiyata a asibiti take aiki, in yi shiru in bar mutum ya ɗinka mata farar riga da kansa. Ranar da ta zo kawo mini saƙo da rigar aikinta mai ruwan toka, na karɓa a bakin ƙofa na ce malami na jira na. Ba malamin da ke jira na. Ta gane, ba ta kuma sake zuwa ba.

Na gama, na samu aiki a wani kantin magani, aka ba ni farar riga ta gaske. Na koyi cewa kowane magani yana da awo, da lokaci, da takarda a cikin kwali. Na auri wani mai gyaran fanka, mutumin kirki da ba ya yawan magana, sai dai in ya shiga gidan mutane kansa a sama yake. Da na samu ciki ya kai wata shida, lokacin Inna ta yi ritaya, na ɗauki littafi da biro na tafi wurinta. A raina taimakon ta zan yi, in fitar da maganinta daga duhu.

Na ce ganye nawa. Ta ce cikin hannu. Na ce hannun wa. Ta dube ni, ta dubi hannunta, ta ɗebo. Na ƙirga, talatin da huɗu, na rubuta. Na ce minti nawa ake rufewa. Ta ce gwargwadon ki share ɗaki ɗaya. Na ba ta tsintsiya, na riƙe agogo, ta share tsohon ɗakin Yaya, minti goma sha biyu, na rubuta. Ruwa kofi ɗaya da rabi. Ƙyalle fari. Kwalba dafaffiya. Kada ya kwana. Shafi guda ya cika, na ja layi a ƙasa da rula.

Sai ta ce, "To, daga nan sai ki zaunar da mai jegon, ki cire mata takalmi, ki duba..."

"Inna, wannan ba ya cikin haɗin," na ce. "Haɗin kawai nake so."

Na rufe littafin. Ita kuma ta rufe bakinta, ta ɗauki tsintsiya ta ƙarasa bayan ƙofa, inda ta ce agogona ya sa ta tsallake.

Cikina na wata takwas ta faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Yaya ta ɗauke ta zuwa gidanta a can ƙarshen gari, mota biyu daga wurinmu. Ni kuma na haihu a wani asibiti mai labule da furanni, wanda na zaɓa da kaina, kuma ba zan ce ban san dalilin da ya sa na guji na Inna ba. Mace na haifa, mai ƙaramin baki da babbar murya.

Tun ranar farko na fara aiki da littafina. Ganye talatin da huɗu, minti goma sha biyu, ban taɓa kuskure ba. Rana ta huɗu kan nonon ya yi ja. Rana ta shida ya tsage. Rana ta tara na ga jini a leɓen yarinyar, na ɗauka nata ne, ashe nawa ne. In ta buɗe baki za ta kama, sai in ji kamar an ɗauko reza, in cije zani, in ƙirga har hamsin, in cire ta. Ta yi kuka, in yi kuka. Maigidana ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon fanka, wadda ba abin da ya same ta.

Da muka je awo, nas ta ɗora yarinyar a sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa. Ta ce ta ragu fiye da yadda ya kamata, kuma in mako mai zuwa ba ta ƙaru ba, to madarar gwangwani za a koma, ba wasa. Washegari na tarar da gwangwanin madara da sabon bulunboti a kan firij. Maigidana bai ce ya saya ba, ni ma ban ce na gani ba. Na san ba laifi ba ne, da hannuna na sayar wa mata da yawa a kanti, 'ya'yansu suka yi ɓul-ɓul. Amma ni so nake in shayar da 'yata. Kuma abin ya tsaya mini a wuya, a ce matan gari sun shayar lafiya saboda Mai Gwangwani, 'yar da ta haifa ta kasa kwana goma.

Sai na yi abin da nake hana masu saye yi: na ƙara awo. Ganye arba'in, sannan hamsin. Ɗaki ya cika da ƙamshi, ciwo yana nan. Na shafa man zaitun, na yanko kabar giwa, na kawo man shafawa iri biyu daga kantinmu. Da duk suka ƙi, sai na tuna da Agogo, na ce ashe matar nan gaskiya ta faɗa. Akwai abin da Inna ke ɓoyewa, har ni ta ɓoye wa, ta rama abin da na yi mata a bakin ƙofar makaranta. Da wannan fushin na goya yarinya, na sa kwalba da littafi a jaka, na hau mota biyu, saura kwana uku a koma awo.

Da la'asar na isa. Inna na zaune a kujerar roba a baranda, sanda a gefenta, hannunta na dama a kan cinya kamar kayan da wani ya ba ta ajiya. Yaya na wanki. Ban gama gaisuwa ba na fito da littafi na fara karantowa, na ce ga abin da ta faɗa, ga abin da na yi, sai ta gaya mini abin da ta rage. Yaya ta ce, Auta, ki ji tsoron Allah, matar da ko ruwa ba ta iya cewa a ba ta. Na ce ai ba da ke nake ba.

Inna ta miƙo hannun hagu, na ba ta kwalbar. Ta cire murfin da haƙori, ta shinshina, ta gyaɗa kai. Wato daidai ne. Wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Yarinya ta farka ta fara tsala kuka. Na jijjiga ta, na ce sai anjima, ba ta daɗe da sha ba. Ƙarya nake, tun hantsi nake kauce mata. Inna ta sa kwalbar a aljihun rigarta, ta zuba mini ido. Na san wannan mayar da kwalba a aljihu, na ji labarinsa a bakin mata da yawa, ban dai taɓa zaton za a yi mini ba. Yaya ta jawo mini kujera ta ce in ba ta kawai.

Na zauna, na kwance yarinyar, na ɗauke numfashi. Sai na ji sanda na zungurar ƙafata. Takalmi rufaffe ne a ƙafata, irin na tsayuwar kanti. Ta zungura, ta sake zungura, har na gane na cire. Sannan na ba yarinyar nono, ta kama can ƙarshen kan kamar yadda ta saba, na cije leɓe don kada Inna ta ga ina jin zafi. Wahalar banza na yi. Ko sau ɗaya ba ta dubi fuskata ba.

Ta yafito ni. Na ja kujera har gwiwarmu ta haɗu. Ta sa Yaya ta zuba mata ruwa da sabulu a hannun, sannan ta zura ƙaramin yatsa a gefen bakin yarinyar, ta raba ta da nonon a hankali. Ta nuna matashi, aka ɗora mini a cinya. Ta juya yarinyar har cikinta ya manne da nawa, hancinta ya yi daidai da kan nonon. Sai ta tsaya. Yarinya na kuka, ni ina zufa, Inna na jira kamar mai jiran mota. Da bakin ya wage sosai irin na hamma, ta tura ta ta tsakanin kafaɗu.

Ba ta samu ba. Hannun hagu ne, shekara ashirin da bakwai bokiti kawai yake ɗauka. Ta sake, ya makara. Ta sake, ya yi rawa. Na ga ta dubi hannun dama da ke kwance a cinyarta, irin kallon da ake yi wa abokin aikin da ya ƙi zuwa ranar da aiki ya yi yawa. A nan fushina ya tafi, tausayi da kunya suka maye wurin, kuma kunyar ta fi yawa.

Sai ta kamo hannuna ta ɗora a bayan yarinyar, ta ɗora nata a kan nawa. Muka jira tare. Baki ya buɗe, na ji ta danna, na danna. Yarinyar ta cika baki da nono, haɓarta ta nutse a ciki, leɓenta na ƙasa ya juyo waje. Ciwon yana nan, tunda rauni ba ya warkewa don an gane kuskure, amma rezar babu. Na kuma ji wani abu da ban taɓa ji ba tun da na haihu, ƙarar haɗiya, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Na leƙa ƙasa inda Inna ke kallo. Yatsun ƙafata sun baje a kan siminti.

Sau biyar ta sa na cire yarinyar na sake mayarwa, har na yi biyu ba hannunta. Da yarinyar ta ƙoshi ta saki da kanta, sai Inna ta fito da kwalbar, ta sa Yaya ta sirka da dafaffen ruwa saboda ganyen da na zabga, ta ɗiga a auduga ta shafa mini a gefen raunin. Ya yi sanyi.

Na ce, "Inna, to ganyen fa? Yana yi ko ba ya yi?"

Ta daɗe tana haɗa kalmar. "Yana... sanyaya."

"To me ya sa ba ki taɓa gaya musu ba? Agogo ta tambaye ki. Da kin ce musu riƙon yaro ne."

Wannan amsar ta ɗauke ta lokaci, har Yaya ta bar wanki ta tsaya da kumfa a hannu. Zan rubuta ta a jere, amma ba a jere ta fito ba.

"Ke da kika yi karatu. Wa zai miƙa wa mai shara jaririnsa, in ba ta zo da kwalba ba?"

Ta huta, ta share gefen bakinta, ta ƙara da cewa, "Ke ma kwalbar ce ta kawo ki."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Yadda take cewa a ɗaga ƙafa za ta goge ƙasa, haka ta faɗa. Na buɗe littafin a ƙarƙashin layin da na ja da rula, na ga ba wurin rubutu, na rufe.

Kwana uku na yi a gidan Yaya. Ranar awo nas ta ɗora yarinyar a sikeli sau ɗaya, ta ce ta ɗan motsa, a dawo mako mai zuwa. Raunin ya ɗauki kusan mako biyu kafin ya rufe. Madarar kan firij muka ba wata maƙwabciya mai tagwaye, na ce in ta ƙare ta dawo mini da gwangwanin. Maigidana ya huda gindinsa da ƙusa ba tare da ya tambayi dalili ba.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da rabi a duniya, ta ga jikarta na tafiya. Bayan rasuwarta na je tsohon asibitin nata karɓar wata takarda, na leƙa bayan taga. An gyara famfon, an kwashe gwangwanayen, wannan karon ba su dawo ba.

Har yanzu ina kantin magani. In mai jego ta shigo tana neman man shafawa, nakan sayar mata, don aikina ne, in kuma abin ya yi tsanani in tura ta asibiti. Amma akwai kujera a bayan kanta, akwai matashi, akwai ƙaramar kwalba a aljihun farar rigata. Makon jiya wata yarinya mai haihuwar fari ta ce in ba ta kwalbar ta tafi da ita, sauri take yi. Na mayar aljihu, na ce maganin ba ya son gaggawa. Ta zauna tana gunaguni, ta tambaye ni inda na koyo. Na ce wurin mahaifiyata, a asibiti ta yi aiki.

"Nas ce?"

"A'a," na ce. "Mai shara ce. Cire takalminki."